Kurakuran da ke cinye mana bishiyoyin gida, tun daga sayen dashe har zuwa sara

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara. Damina na faɗuwa kowa ya ruga bakin titi ya kwaso dashe a leda bai ma san me ya saya ba, sanyi na shigowa kuma a ɗauko adda a hau bishiya da sara. Daga baya a zo ana cewa ƙasar gidana ce ba ta karɓar shuka, ko ni hannuna ba shi da sa'ar dashe. Ba ƙasa ba ce, ba hannu ba ne, 'yan abubuwa ne da ake ta maimaitawa.

Na farkon shi ne ya fi ƙona min rai, sayen mangwaro ko lemo wai mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, alhali ƙwallo ne kawai aka binne a leda. An taɓa yi min, mai dashen har da rantsuwa, "Alhaji wannan ɗan aure ne, shekara uku zaka sha." An naɗe masa 'yar leda a kara kamar gaske. Na yi ta ban ruwa, bazara ta zo rijiya ta ja baya na koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa saboda shi, na killace shi kar awaki su taɓa, shekaru suka yi ta tafiya bishiya sai tsawo take ba huda, da ta tashi haihuwa kuma sai ga 'yan ƙanana masu zare. Kuɗin dashen bai dame ni ba, shekarun nan ne, wa zai biya ka su? Mangwaron da aka yi wa aure da gaske yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko ya wuce, sannan irin mangwaron nan su Kent da Keitt in ka shuka ƙwallonsu ba abin da ka sha ne zai fito ba. Namu na gida mai zare shi ne yake yawan fitowa kamar uwarsa, shi ya sa ma ake sa shi a ƙasa a ɗora mai kyau a kansa.

Don haka dan Allah ka tsuguna ka duba da idonka, kar ka tsaya jin rantsuwa. Wajen taki ɗaya ko fiye daga ƙasa zaka ga tabon aure, wurin ya ɗan kumbura, akwai layin yanka a karkace ko kamar an soka tsinke cikin tsaga, kuma launin ɓawon sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne. A lemo ido ake dasawa a jikin kara, wato ɗan wurin nan da toho ke fitowa a reshe, zaka ga ɗan lanƙwasa a wurin da guntun tsohon kan da aka datse. In an naɗe da leda kace a kwance maka, wanda ya ƙi kwancewa ka ajiye masa kayansa ka wuce. Ni yanzu ba na saye sai inda zan ga uwar bishiyar da aka yanko reshen, ko wajen da ake yin auren a gabana. Wanda yake kusa da Kano akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Bagauda, akwai wani a Dadin Kowa ta jihar Gombe, masu son dabino kuma cibiyar binciken kwakwar manja da dabino ta NIFOR na da reshe a Dutse. Ka je ka tambaya, ko ba ka saya a can ba zaka ga yadda aure na gaskiya yake. Tunda na ambaci dabino, ƙwallonsa kusan rabi maza suke fitowa kuma ba zaka sani ba sai bayan shekaru, ɗan da ya tsiro a gindin macen da ka san daɗinta shi ake cirewa a dasa.

Kuma a daina zaɓen dashen da ya fi kowane tsawo. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta gama nannaɗe kanta a ciki ko ta huda ta shiga ƙasa an fizgo ta, ɗaga ledar ka leƙa ƙasanta. Ƙarami mai lafiya ya fi.

To ka samu mai auren gaske, sai kuma ka kashe auren da hannunka. Wasu su binne tabon cikin rami, a'a, tabon sama da ƙasa yake zama. Wasu su manta ledar ɗaurin har ta shaƙe karan. Wanda ya fi yawa shi ne barin tohon da ya fito ƙasa da tabo, saboda ya fi saurin girma sai mutum ya ji daɗi yace bishiya ta kama, nan kuwa na ƙasan ne yake ƙwace abincin har na saman ya bushe. Shi ya sa zaka ji an ce na dasa lemon zaƙi ya rikiɗe ya koma mai tsami mai ƙaya. Bai rikiɗe ba, gindin ne ya ci kan. Duk tohon da ke ƙasa da tabo ka murje shi da yatsa tun yana ɗanye.

Sai maganar sara, nan kam sai na yi faɗa. Haba jama'a, wa ya ce muku lokacin sanyi ake yi wa mangwaro aski? Ganye ya dame ku da shara a tsakar gida, sai a kira yaro da adda a ba shi na shayi ya hau ya yi ta sara son ransa. Haka aka yi wa wani babban mangwaro a gidanmu ina wajen aiki, na dawo na tarar da rassa zube har bakin zaure, wasu da huda a jikinsu ta fara fitowa, ɓawon kututturen ya tsage ya sauko kamar an feɗe akuya. Shekarar ko ɗaya ba mu sha ba, ta gaba ma kaɗan, wajen da ya tsage kuma ruɓa ta shiga gara ta bi, ɓangaren nan har yau bai dawo ba. Mangwaro a ƙarshen reshe yake huda, kan reshen da ya riga ya ƙosa, kuma sanyin hunturu da bushewar ƙasa ne suke tayar da hudar wajen Disamba zuwa Fabrairu. In ka sare kawunan a lokacin to 'ya'yan bana ka sare. Lokacinsa shi ne da zarar an gama tsinke 'ya'ya, farkon damina, ya samu ruwa ya yi sabon toho ya ƙosa kafin sanyi.

Ni ba na sa adda a reshen da ya wuce kaurin yatsa, zarto nake sawa, ƙanana kuma almakashin lambu. Babban reshe sau uku ake yankansa. Ka fara ɗan shiga ta ƙasansa nesa kaɗan da jiki, sannan ka yanke ta sama gaba da wurin ya faɗi ba tare da ya ja ɓawo ba, sannan ka cire guntun da ya rage dab da kumburin nan na gindin reshe, kar ka shafe kumburin don shi ne yake rufe ciwon, kar kuma ka bar dogon dungu ya tsaya yana ruɓewa. Busasshe da mai ciwo da waɗanda suke gogar juna su nake fara cirewa, in buɗe tsakiya iska ta ratsa, kuma ba na wuce kashi ɗaya cikin huɗu a shekara, wasu suna wuce haka, ni dai iyakata kenan. Masu shafa baƙin mai na inji a wurin yanka ku bari dan Allah, ƙona wurin yake. Na san akwai masu shafa toka ko laka, ni barinsa nake ya bushe da kansa, sai dai in rana zata doki reshen da ya saba da inuwa in shafa masa farin fenti na ruwa. In ka yanki mai ciwo ka goge zarton da sifirit kafin ka taɓa wata.

Kuma ba duk bishiya ake yi wa aski iri ɗaya ba. Gwaiba a sabon toho take haihuwa, ita datsa ma ƙara mata 'ya'ya take. Zogale in ka ƙyale shi zai miƙe ya fi katanga ganye sai da tsani, ka datse kansa tun yana kai ƙugu ya yi rassa. Lemo kuwa ba ya son yawan taɓi, busassu da tohon nan masu miƙewa tsaye kawai zaka cire. Kauci in ya kama reshe tsinke ganyensa aikin banza ne, reshen zaka yanke ta bayan inda ya manne.

Wajen gane shuka ma ana tafka kuskure. Gwanda ba mai iya gane mace da namiji tana ƙarama, duk wanda ya sayar maka da 'yar tsiro yace tabbas mace ce faɗa kawai yake. Sai ta yi fure. Namiji furanni ƙanana da yawa a dogon sili suna reto, mace fure babba manne da jikin kara, akwai kuma mai haɗe da duka biyun da take haihuwa ita kaɗai. Ni uku nake sawa a wuri ɗaya in sun nuna kansu in rage, kuma kar a tumɓuke maza duka, a bar ɗaya ga mata kamar goma. Tafasa da rai ɗore suna kama suna ƙanana, Hajiya a lura kafin a kai tukunya, ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake kuma guda shida ne bibbiyu, na rai ɗore mai tsini ne, ya fi shida yawa, kuma in kin murza yana da wari. Manhajar waya ta gane tsiro tana taimakawa amma kar ka ci abu don waya tace, kai wa tsohon mai lambu reshe da ganye da fure ya gani. Fulawar nan oliyanda mai siraran ganye da fure ruwan hoda guba ce daga ganye har itace, haka 'ya'yan bini da zugu da zaƙami, gidan da ke da yara ƙanana ko awaki ni ba na ba da shawararsu.

Sauran ƙanana ne. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona dashe, bari ya ruɓe tukun. Kar a dasa da tsakar rana, yamma ta fi. Yaga ledar ake a cire, ba a binne ta. Yayyafin ruwa kullum ba ya kai wa saiwa, gara ka shayar sosai ka ɗaga kwana biyu. Ruwan omo da na wanke-wanke ba na gindin lemo ba ne. Mangwaro da darbejiya kuma a nisanta su da katanga da sokawe, in filin gidan bai kai ba ka sa gwaiba ko rumman.