Darasi na 7: Tattalin Ruwa a Gida

A Jos, daga watan Fabrairu zuwa farkon Afrilu ruwa ya fi yi mana wuya. Rijiyoyi sun ja baya, a jefa guga ya dawo da laka. Ƙasarmu ta dutse ce, mai haƙa rijiya a wurare da yawa bai yi nisa ba zai ci karo da fa. Famfo kuwa, wanda ake turo ruwansa daga madatsu irin na Lamingo da Liberty, ba kullum yake kawowa ba. Sai a koma wajen 'yan garuwa, su ma a lokacin kuɗin jarka ya tashi.

To, ruwan da aka saya da kuɗi bai kamata ya yi aiki ɗaya a zubar da shi ba. Uwargida, in kin wanke shinkafa ko alayyafo, ba awaki ruwan, ko ki zuba wa shuka. Ruwan ɗaurayar kaya ki goge ɗaki da shi, sauran ya tafi banɗaki. Wanke-wanke kuma da roba biyu: ta kumfa da ta ɗauraya. Ki fara da kofuna da cokula, tukunyar miya ta zo ƙarshe, bayan kin goge maiƙonta da toka. Maigida, kai ma da naka. Buta ɗaya ta ishe ka alwala har ta yi saura. Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya na ruwa yake alwala.

Amma akwai inda ba a tsumulmula. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga banɗaki da kafin cin abinci ba ya cikin abin da za a rage, domin ta nan amai da gudawa ke shigowa gida.

Ruwan sha a ware shi daban, a randa mai murfi, da modarta wadda ba a ajiyewa a ƙasa. In ya zo da dauɗa, a bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta, a dafa har ya yi minti ɗaya yana tafasa. Tacewa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Duro ma a rufe shi, kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Don Allah kada a aiki yara ɗibar ruwa a kududdufan da haƙar kuza ta bari. Suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa, kuma ruwansu ba na sha ba ne.

In damina ta faɗi, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano, sannan a tara duro a bakin indararo.

Aikin gida: Idan jarka tana cin lita 25, gidanku kuma yana sayen 4 a rana, lita nawa ke nan a mako? Rubuta aikin da ya fi cinye ruwa a gidanku, mu tattauna a aji.