Yadda ake ƙwace dukiyar haram ba tare da an ɗaure mai ita ba

A irin wannan shari'a dukiyar ake gurfanarwa, ba mutumin ba. Don haka ko wanda ake zargi ya mutu ko ya tsere, ƙara ba ta mutuwa. Yarjejeniyar yaƙi da cin hanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2003, a sashe na 54, ta nemi ƙasashe su duba yin haka. Afirka ta Kudu ta yi dokarta tun 1998, Birtaniya a 2002, Najeriya kuma a 2022.

Da farko a bi sawun kuɗin: bayanan banki, takardun filaye, rajistar kamfanoni. Ɓarawon biro ba ya sa sunansa a takardar gida, sai dai na direba ko na suruki. Aikin mai bincike shi ne ya nuna daga ina kuɗin sayen suka fito.

Daga nan a garzaya kotu a nemi umarnin riƙe kadarar na wucin gadi, ba tare da mai ita ya sani ba. A nan aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Da zarar ya ji ƙishin-ƙishin, kafin a buga hatimi kuɗin sun bar ƙasa.

Sai a sanar da shi, a kuma buga a jarida, duk mai ikirarin kayan ya zo ya faɗi yadda ya same su.

Ranar sauraro, ba sai an kawar da kowane shakku ba kamar a shari'ar laifi. Rinjayen hujja ya wadatar. Ta wannan hanya ce kotun Amurka ta ƙwace sama da dala miliyan 480 na kuɗin Abacha a 2014, alhali ya rasu tun 1998. Amma sauƙin nan yana da haɗari. A Amurkar dai an sha kuka da 'yan sanda masu karɓe kuɗin matafiya a kan hanya bisa zargi kawai. A ganina, hukumar da ta kama kaya bai kamata ta ci daga cikinsu ba, kuma wanda ya saya da gaskiya, bai san komai ba, a bar masa abinsa.

Idan alƙali ya ba da umarnin ƙwacewa na dindindin, a kimanta kadarorin, a yi gwanjon motoci da duk abin da zai lalace a bainar jama'a, a zuba kuɗin a asusu guda da ake bincikawa, a fara biyan waɗanda aka cuta.