Darasi na 7: Ƙiba, Jinkirin Al'ada da Baƙin Wuya

Wata ɗalibarmu a ajin yamma na Agege ta tsaya bayan an tashi. Ta ɗaga mayafi ta nuna min wuyanta. Fatar ta yi baƙi, ta yi kauri kamar karammiski. Ta ce, "Malama, na dirza da soso har na gaji. Al'adata kuma sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Shekara huɗu da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba." Na ce mata, "Ƙanwata, wannan ba dauɗa ba ce. Jikinki ne yake miki magana."

Likitoci suna kiran wannan lalura PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma yawancinsu ba su san suna da ita ba.

Ku karanta wannan sashe a hankali, don nan ne gindin maganar. Idan muka ci tuwo, shinkafa ko burodin Agege da shayi mai zaƙi, abincin yakan zama suga a jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin, shi ne mabuɗin da ke shigar da suga cikin tsoka. Idan kitse ya taru, musamman a tumbi, sai jiki ya daina jin maganar insulin. Sai a yi ta ƙaro shi har ya yi yawa a jini. Yawan nan nasa shi ke tunzura ma'ajiyar ƙwan mace ta riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima. Hanta kuma ta rage samar da abin da ke ɗaure wannan sinadari na maza. Daga nan ƙwai ya kasa nuna ya fito. Al'ada ta rikice, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su feso a fuska, wuya da hammata su yi duhu. Yawan insulin yana ƙara tara kitse, kitsen kuma ya ƙara kiran insulin. Haka abin yake ta kewayawa.

Siririyar mace ma tana iya kamuwa, gado yana da hannu a ciki. Don haka kada a ɗora wa kowa laifi. Abin da ke ci min rai shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayar wa amare a ɓoye. Ku guje su.

Ragin ƙibar da ake nema ba mai yawa ba ne. Mai kilo 90 idan ta sauke kilo 5 zuwa 9, sau da yawa al'ada takan daidaita, wasu har su samu ciki. A rage lemon kwalba da fanke, a ƙara wake, kifi da ganye. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum, ko da sauka ne daga danfo kafin a kai tasha.

Wadda ta wuce wata uku ba al'ada, kuma ba ciki gare ta ba, ta ga likitan mata, domin barin mahaifa haka yana da haɗari. Akwai sashensu a asibitocin koyarwa na Legas, LUTH ta Idi-Araba da LASUTH ta Ikeja. Za a yi hoton mara da gwajin suga. Akwai magunguna irin su metformin, amma likita ne zai rubuta.

Aikin gida: ki buɗe sabon shafi a littafinki. Ki rubuta ranar da al'adarki ta zo, sannan ki ƙirga kwanaki har ta sake zuwa. Idan sun haura 35, ki riƙe littafin zuwa asibiti.