Kwanson harsashin da ya lotse: kurakuran da na gaji da gani

Tun da na fara cika harsashi da hannuna a nan Texas, wato ka ɗauko kwanson da aka riga aka harba ka sake sa masa firaima (ɗan abin da ke gindi mai tayar da wuta) da albarushi da kai, tambaya ɗaya sababbin shiga ke ta kawo min: wannan ya lotse, in cika ko in yar? Kuma wallahi yawancinsu lotsewar da suke tsoro ba ita ce za ta cuce su ba.

Ƴar lotsewa mai santsi a kafaɗa, wato inda kwanso ke tsukewa kafin wuya, ko a jikinsa ba komai bace. Tagullar kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, tana da laushi, kuma harsashi samfurin .308 Winchester matsinsa lokacin harbi na kaiwa 62,000 a ma'aunin matsi na psi, harbi ɗaya ya hura ta ta koma daidai. Bakin da ya lauye saboda bindiga irin AR-15 ta buga shi wajen tofarwa, shi ma in ya shiga injin matsi, wanda ke mayar da kwanso girmansa na asali, zai miƙe. Wanda nake yarwa ba shawara shi ne mai kaifin ninki, wanda farce ke maƙalewa a ciki, don nan yake tsagewa. In lotsewar kusa da gindi take shi ma shara.

Amma ka tambayi kanka daga ina ta zo. In bayan ka matsa kwanso ne ka ga kafaɗa ta loɓa, to kai ne ka yawaita man da ake shafa wa kwanso kafin a matsa shi. Man ba shi da wurin gudu sai ya danna tagullar ciki. Ni da yatsa nake shafawa, ɗan kaɗan a jiki, kafaɗa kam ba na taɓa ta.

To ga inda raina ke ɓaci. Mutum zai zauna yana juya kwanso yana duban lotsewa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, amma ga wani zobe mai ƙyalli can ƙasa, ɗan sama da gindi, bai ma san da shi ba. Ni ya taɓa min. Kullum ina matsa kwansona har ƙarshe ina tura kafaɗa baya sosai don ya shiga bindiga da sauƙi, ashe duk harbi kwanson miƙewa yake ya cike wannan giɓin, tagullar wajen gindi tana ta sirancewa daga ciki. Ranar da abun ya faru na ja kunama sai na ji iska mai zafi a fuskata, na buɗe bindiga gindin kwanson kawai ya fito, sauran ya maƙale a ciki. Ba don tabarau ba da yanzu wani labarin ake. Kwanson nan sumul yake, ko ƙwarzane babu. Haba jama'a! Waya ce fa kawai ta maƙala takarda za ka miƙe, ka lanƙwasa bakinta, ka zura ka karta bangon ciki, in ka ji ta faɗa wani ɗan rami to wannan ya gama aiki, kuma ni duk ƴan uwansa da aka harba tare nake zubarwa, wasu na cewa ɓarna ce, su suka sani. Yanzu kafaɗa ba na tura ta fiye da inci 0.002.

Sai masu tsince-tsince a filin harbi. Ba ka san sau nawa aka cika shi ba, wataƙila mai shi da gangan ya bar shi. In dole sai ka tsinta, bi su da maganaɗisu ka fidda na ƙarfe, ka haska ciki da tocila, in ka ga rami biyu mai firaima irin ta Berdan ne, zai karya maka allurar cire firaima. Kwanson soja na 7.62x51, ɗan uwan .308, yawanci ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, kar ka zuba masa awon albarushin da ka saba, ka koma ƙasa ka fara daga awon farko na littafin cika harsashi.

Tsawo ma ana mantawa. .308 in ya wuce inci 2.015 a datse shi zuwa 2.005, in ba haka ba baki ya shaƙe kan harsashin matsi ya hau. Firaima in ta shige ba wani ƙarfi, ramin ya buɗe, yar.

Masu goge kwanso da man goge tagulla mai amoniya don ya yi ƙyalli kuma, ku bari don Allah. Sojojin Ingila a Indiya sun sha fama da kwanso na tsagewa da damina a ajiya kusa da bargar dawaki, daga baya aka gano amoniyar fitsarin doki ce. Masu gasa wuya da wuta don ya yi laushi, wuya da kafaɗa kawai ake gasawa, in zafin ya sauka gindi wannan kwanson kar ya ƙara shiga bindiga.