Ɗaura giyar baya ta keke da saita ta a gida

Kafin ka kwance komai, tsuguna bayan keken ka dubi kunnen da ake ɗaure giyar a jikinsa. Da alminiyam mai laushi ake yin sa da gangan, don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. Kekunan gwanjo da ke shigowa Gombe sun sha jibga a mota, da yawa kunnen ya karkace. In ƙananan tayoyin giyar biyu masu haƙora ba su tsaya a miƙe ƙarƙashin firwil (jerin farantan haƙora na tayar baya) ba, miƙe kunnen ko ka canza shi, in ba haka ba duk saitin da za ka yi aikin banza ne.

Tanadi alanki mai lamba 5, sukundireba, filaya da ɗan giris. Rataye keken da igiya, tayar baya ta bar ƙasa.

Shafa giris a bakin notin da ke ɗaure giyar a kunnen, ka fara ɗaure shi da sannu kada zaren ya ci, kana lura sukurun B, mai daidaita tazarar giyar da faranti, ya zauna a kan ɗan tudun kunnen. Zura sarƙa ta gaban taya ta sama, ta bayan ta ƙasa. Tsawonta kuwa, naɗa ta kan babban faranti na gaba da babba na baya ba tare da ta bi giyar ba, ka ƙara gaɓa 2.

Kada ka ɗaure waya tukuna. Sukuru biyu, H da L, iyaka kawai suke sawa, ba su ke canja giya ba, kuma nan mutane suka fi ɓata aiki. Juya H har taya ta sama ta daidaita da ƙaramin faranti. Sannan tura giyar da babban yatsa kana juya feda har sarƙa ta hau babban faranti, ka ɗaure L yadda ba za ta wuce nan ba. Ka ba L muhimmanci: in ta yi sako-sako, kana tsakiyar hawan tudu sarƙa za ta faɗa cikin sifok, ta karya giyar, wani lokaci har da wili.

Yanzu mayar da maɓallin hannu kan giya mafi nauyi, ja wayar da filaya ta miƙe, ka ɗaure. Danna sau ɗaya. In sarƙa ta yi nawar hawa, kwance ɗan murfin da wayar ke shiga cikinsa kwatan juyi, wayar za ta ƙara tsauri. In saukowa take ƙi, ɗaure shi. Kwata-kwata ake bi, kana sauraro har ƙarar kacau-kacau ta ɗauke. Sukurun B kuma ka bar tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakanin taya ta sama da babban faranti.

In duk da haka saukowa na gardama, yashi ne ya shiga rigar waya, abin da ba ya wuya a garin nan lokacin hunturu. Zare ta ka goge, in ta yi tsatsa ka sa sabuwa. Baƙin mai kada ya taɓa sarƙarka, ƙura yake kamawa ya cinye haƙora. Ɗiga mai marar kauri, ka goge ragowar da tsumma.