Rauni a jikin macijin kiwo: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Duk mai ajiye maciji a gida, gardi ne da ya gaji abin ko saurayin da sha'awa ta sa ya sayi ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wata rana zai buɗe akwati ya tarar da jini a jikin dabbarsa. Galibi mai laifin ɗaya ne cikin biyu: ɓeran da aka jefa masa da rai, ko ɗan'uwansa maciji da aka haɗa su wuri guda. Ƙaramin rauni kan warke in an gyara wa maciji wurin kwana, amma sau da yawa abin da mai shi ya ɗora a kan raunin ne ke ƙarasa shi.

Maganar nan ta macizai marasa dafi ce. Kububuwa da kasa da kumurci ba abin taɓawa ba ne da sunan jinya. Wanda ɗayansu ya sara ya nufi babban asibitin Damagaram ko asibiti mafi kusa nan take, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa.

Kuskure na farko yana faruwa tun kafin a kai ga magani. An jefa ɓera ɗaya cikin akwati mai macizai biyu, wannan ya kama kai, wancan ya kama gindi, ko ɗaya ya kuskure ɓeran ya damƙi wuyan ɗan'uwansa. Mai shi ya ruɗe, ya kama wutsiyoyi ya ja. Haƙoran mesa ƙanana ne masu tsini, sun lanƙwasa ta baya, don haka duk jan da aka yi ƙara shiga suke, hudar da ba ta fi bakin allura ba ta zama yaga. A kwarara wa mai cizon ruwan sanyi a kai, ko a tsoma kan nasa cikin roba mai ruwa na ɗan lokaci, yawanci zai saki. In ya ƙi, a riƙe bayan kansa a tura shi gaba kaɗan har haƙoran su zare, sannan a buɗe bakin a hankali. Bayan nan a duba raunin da fitila, domin haƙori kan karye ya maƙale a ciki, a cire shi da hantsaki mai tsabta. Mai cizon ma a leƙa bakinsa kwanaki masu zuwa. Kumburin dasashi ko yawu mai kauri alamar ruɓar baki ce.

Sai magani, inda ɓarna ta fi yawa. Mu mutanen kiwo ne, hannunmu ya saba da akuya da rago, shi ya sa da an ga ciwo sai a miƙa hannu ga abin da aka sani: baƙin mai, kananzir, toka, ko a fasa kafso a barbaɗa garin. Kananzir da baƙin mai guba ne ga maciji. Toka datti take ƙarawa. Man shanu da basilin, in aka lafta su, suna jiƙa ɓawon jiki har ya riƙa ɗagowa. Giyar asibiti da ruwan nan mai kumfa da ake zuba wa ciwo suna ƙona sabon naman da ke son tsirowa. Magungunan goge ɗaki masu warin asibiti kuwa ko akwatin kada a wanke da su.

Farasitamol fa? Kada ma a kusanto da shi. A tsibirin Guam, da ke ƙarƙashin Amurka, da shi hukuma ke kashe wani macijin bishiya da ya cinye musu tsuntsaye: miligiram 80 ake cusawa cikin mataccen ɓera a jefa daga jirgi mai saukar ungulu. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 da muke haɗiya don ciwon kai ta ninka wannan fiye da sau shida.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Ruwan gishiri na farmasi, ko a tafasa ruwa lita 1 da gishiri giram 9 a bari ya huce. A zuƙa da sirinji marar allura a fesa cikin raunin har datti ya fita. Sannan a ɗiga Bétadine, maganin wanke ciwo na farmasi, cikin tafasasshen ruwa har ya yi launin shayi marar ƙarfi, a goga da bandeji mai laushi, sau ɗaya ko biyu a yini. Auduga tana barin zare a ciwo, a bar ta. In akwai man ƙuna irin Flammazine, a shafa siriri. Filasta mai danƙo kada ta taɓa jikinsa, ranar cire ta da ɓawo za ta taho.

Amma akwai raunin da ya fi ƙarfin gida: wanda nama ya buɗe har ana hangen ƙashi, ko na ido, ko na baki, ko na kusa da mafitar kashi, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne shi mintuna goma. Wannan na likitan dabbobi ne. Gaskiya likitocinmu sun fi sabawa da shanu da raƙuma, amma ɗinki da allurar kashe ƙwayoyin cuta aikinsu ne, su suka san awon magani da nauyin dabba. A tafi da nauyin macijin a rubuce. Ɗinkin ma ba a gaggawar cire shi, yakan kai sati 4 zuwa 6.

Wani kuskuren shi ne a wanke ciwo tas, sannan a mayar da maciji kan yashi ko garin katako. Duk jan cikin da zai yi, ƙasa yake cusawa cikin raunin. Mai jinya a kan takarda yake kwana, farar takarda ko tsohuwar jarida, a sauya ta da zarar ta ɓaci. Ƙofofin iska a rufe su da yankin gidan sauro, don ƙuda in ya samu ciwo zai yi ƙwai, kwana kaɗan sai tsutsa. Tururuwa ma ba ta raina maciji marar lafiya.

Jikin maciji ba ya yin zafin kansa, kuma ƙarfin da yake yaƙar cuta da shi ya dogara da ɗumin wurin da yake. Ƙaramar mesa tana son gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen wajen 26, ta zaɓi inda take so. A nan Damagaram matsalar fuska biyu gare ta. A Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, akwatin da aka bari ƙarƙashin rufin kwano kan zama ajalinsa. Ɗakin ƙasa mai inuwa ya fi. A Disamba da Janairu kuma dare na sanyi, ciwo ya tsaya cak, ga hunturu na busar da fata har saɓa ta maƙale a bakin raunin. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane a jingina jikin akwatin ta waje tana taimakawa, da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta cikin maɓoyarsa. Kada a sa garwashi kusa ko kwan fitila a ciki, maciji kan kwanta a kan abin zafi har ya ƙone bai motsa ba.

Haƙuri kuma dole ne. Ciwon maciji na ɗaukar makonni, kuma mai rauni yakan yi saɓa akai-akai fiye da yadda ya saba, kowace saɓa tabon na raguwa. Kada a ɓanɓare ɓawon ciwon. In wani ƙullutu mai tauri ya taso a wurin, matsa shi aikin banza ne: mugunyar maciji ba ta gudu, daskarewa take kamar cuku, sai likita ya tsaga ya ƙwaƙule ta.

Ɓera mai rai shi ne ya fi kowa yi wa macijin kiwo illa. In maciji ba ya jin yunwa, ko yana shirin saɓa idonsa ya yi fari, ba ya kare kansa. Ɓeran da aka bari ya kwana da shi zai yi ta gaigayar bayansa har ƙashi. A kashe ɓera kafin a ba shi, a miƙa da dogon hantsaki yana da ɗuminsa. Ɓeran cikin gida da na rumbu a guje su, ba a san wanda ya ci maganin ɓera ba. Mai jinya a ba shi ƙarami fiye da na kullum, kada cikinsa ya buɗa raunin, in ya ƙi ci sati biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne.

Kuskuren da ke mayar da aiki baya shi ne da ciwo ya kame sai a ce su koma tare, ai sun saba. Masu faɗin haka hujjarsu ita ce kullum suna ganinsu a nannaɗe da juna. Wannan ba zumunci ba ne, wurin da ya fi daɗi a akwatin ɗaya ne, kowa shi yake so, mai ƙarfi ya hau sama. Na ƙasan ne za ka ga ya daina ci yana ramewa. Maza biyu na kokawa lokacin barbara, macen da ba ta isa ba kuma in ta ɗauki ƙwai yana iya maƙale mata. In aka wayi gari da amai ko zawo a akwati, ba mai iya cewa na wane ne. Ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini, da ke taruwa gefen ido da ƙarƙashin haɓa, in sun kama ɗaya sun kama duka.

Raba su ba ya cin kuɗi mai yawa. Babbar roba mai murfi daga kasuwar Dole ta wadatar wa ƙarami: a huda gefenta da ƙusa mai zafi, a sa maɗauri a murfin don maciji gwanin ture murfi ne, a kifa kasko mai ƙofa ya zama maɓoya, da kwanon ruwa mai nauyi. Kowa da kwanonsa da hantsakinsa. Sabon da aka kawo ya yi wata 3 a wani ɗaki dabam, kuma shi ake yi wa hidima a ƙarshe. Tsakanin akwati da akwati a wanke hannu da sabulu, domin warin ɓera a yatsa kan jawo wa mai shi cizo, kashin maciji kuma na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa yara zawo da zazzaɓi.