Yadda Ake Hawan Dutse a Ƙaramin Tsibiri

Ƙanƙantar tsibiri tana yaudarar baƙo, domin idan ya dubi taswira ya ga ƙasar ba ta da wani faɗi, sai ya ɗauka dutsenta ma abin wasa ne. Alhali da yawa daga cikin irin waɗannan tsibirai aman wuta ne ya taso da su daga ƙarƙashin teku, shi ya sa gangarensu yake a miƙe tun daga bakin ruwa. Dutsen Pico na tsibiran Azores, a ƙasar Fotugal, ya kai mita 2,351, kuma ba a barin kowa ya hau shi sai ya yi rajista an ba shi na'urar da ke nuna inda yake.

Abin da za ka fara yi shi ne lissafin lokaci. Tun 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya bayar da ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: a ware sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 da za a hau. Wannan lissafi na mai ƙarfin jiki ne wanda ba ya tsayawa, saboda haka ka ƙara lokacin hutu da na ɗaukar hoto. Idan ba a tsibirin za ka kwana ba, ka tabbatar da lokacin tashin jirgin ruwa na ƙarshe, ka yi lissafinka daga nan ka dawo baya.

Sammako ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a nan, kuma dalilinsa yana cikin yanayin tsibiri. Da rana ta ɗumama ƙasa, iskar teku mai damshi takan hau gangaren dutse, ta yi sanyi, ta zama gajimare, ta yadda ƙololuwar da take tarwai da asuba sau da yawa takan lulluɓe kafin tsakar rana. Wanda ya makara yakan sha wahalar hawa, ya isa sama bai ga teku ba, bai ga maƙwabtan tsibirai ba, sai farin hazo.

Kada zafin bakin teku ya sa ka bar rigar sanyi da ta ruwa, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, ga kuma iska da babu abin da ke tare ta. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙi sanda, domin dutsen aman wuta yana da kaifi, tsakuwarsa kuma tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Ka ɗauki isasshen ruwa tun daga ƙasa, saboda irin wannan dutse yana tsotse ruwan sama, kuma ƙoramar da taswira ta nuna ana iya tarar da ita a bushe. Tocila ma tana da amfani ko da rana: hanyar da ta tashi daga ƙololuwar Pico do Arieiro zuwa ta Pico Ruivo a tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal tana ratsa ramukan da aka fafe a cikin dutse.

Kafin ka tashi, ka gaya wa masu masaukinka hanyar da za ka bi, ka kuma yanke lokacin juyawa ko ka kai sama ko ba ka kai ba. Wajen saukowa ka taƙaita taku, domin a lokacin gwiwa ta gaji. Idan hazo ya rufe ka har alamun hanya suka ɓace, ka koma alamar ƙarshe da ka gani ka jira ya washe. Kada ka bi kwarin ƙorama da zaton zai kai ka teku, domin a irin waɗannan tsibirai kwari yakan ƙare ne a bakin gagarumin gangare wanda ba ya saukuwa.